Kazar gida: baƙo ya ci, ƴaƴanmu ma su ci

Yau a wannan shafi na lafiya da noma za mu yi magana a kan kaza. Wani zai ce kaza ƙaramar aba ce, ba ta kai a ɓata takarda a kanta ba. Mu kuwa muna ganin ta kai.

Ku zaga ƙauyukan gundumar Dakwaro, daga Kornaka zuwa Birnin Lalle, daga Sabon Mashi har Sakabal. Da wuya ku shiga gida ba ku iske kaji suna tono a gindin rumbu ba. Wasu gidajen har da zabi. Amma ku tambayi yaron gidan yaushe rabonsa da naman kaza. Zai yi shiru yana tunani. In ya tuna, sai ya ce tun Sallah, ko kuwa tun ranar da baƙon baba ya sauka, aka miƙa masa ƙafa ya tsotsa.

A ƙasarmu hanya 3 kaza ke bi ta bar gida. Ko a ɗaure ta a kai kasuwa. Ko baƙo ya zo a yanka masa. Ko ciwo ya kama ta, a yi gaggawar sa mata wuƙa kafin ta zama mushe. Akwai hanya ta 4, wato a kama lafiyayyen zakara a yanka don iyali su ci, babu buki babu baƙo. Ita ce ba mu saba bi ba. Ra'ayinmu shi ne mu saba da ita, ko sau ɗaya a wata, ko sau ɗaya a wata 2, gwargwadon ƙarfin gida. In kuma an yanka, rabon ƙananan yara da na mai ciki da na mai shayarwa ya fita kafin na kowa.

Abin da ya sa muke wannan magana

Manyanmu ba su manta da shekarar 2005 ba. A daminar 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, farin dango kuma suka sauka a gonaki. Kafin wata damina ta zagayo rumbuna sun yi wayam, tiyar hatsi ta yi tsadar da ba a saba gani ba. A shekarar nan ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe gidan jinyar yara masu tamowa a nan Dakwaro, kamar yadda ta yi a Maraɗi da Keita da Tawa. A faɗin ƙasa yara fiye da 60,000 ta yi wa magani a wannan shekara kaɗai.

Yunwar ta wuce, amma tamowa ba ta tafi ba. Ko a shekarar da aka yi albarka, rumbu cike, ana samun yara masu ita. Binciken da ma'aikatar ƙididdiga ta ƙasa ke yi ya sha nuna cewa a jahar Maraɗi fiye da rabin yara ƴan ƙasa da shekara 5 ba su kai tsayin da ya dace da shekarunsu ba. Jahar nan kuwa ita ce ta yi suna wajen noman hatsi da wake da gujiya.

Ga dalili. Tuwo da hura suna cika ciki, suna ba babba ƙarfin aiki. Amma cikin yaro ɗan wata 8 bai fi ƙaramin kofi ba. In an cika shi da kunu tsararo, da ruwa aka cika shi. Jikin yaron kuwa gini yake yi dare da rana, yana neman abin da zai zama tsoka da jini da ƙashi. Hukumar lafiya ta duniya ta ce a bar jariri a kan nonon uwa zalla har wata 6. Daga nan har shekara 2 a ci gaba da shayar da shi, a ƙara masa abinci, kuma kowace rana ya samu wani abu daga jikin dabba: nama, ko ƙwai, ko kifi, ko nono. Mu duba halinmu. Kifi ya yi mana nisa. Nono yakan yi ƙaranci da rani, in bisashe sun tafi neman ciyawa. Naman mahauta sai mai kuɗi a hannu. Abin da ya rage shi ne wanda ke yawo a tsakar gidanmu yana ƙyarƙyara.

Kaza asusu ce, mun yarda

Mun san amsar da mata za su ba mu, kuma amsa ce mai nauyi. Mace za ta ce: kaza ita ce asusuna. Da ita nake sayen sabulu da gishiri. Da ita nake biyan kuɗin magani in yaro ya kwana da zazzaɓi. Da ita nake zubin adashi. In sun yi yawa in sayar in sayi akuya. Duk wannan gaskiya ne, kuma wanda bai san shi ba bai san zaman ƙauye ba.

Mu yi lissafi tare. Misali ne kawai, kowa ya sa farashin kasuwar garinsu. Mu ɗauka zakara ya yi jikka 3, tiyar hatsi kuma tana dala 120. Zakara ɗaya ya zama tiya 5 ke nan. Tiya 5 za ta riƙe gida mai mutum 8 kwana 2 ko 3. To, in ana tsakiyar damina, rumbu babu komai, a sayar da zakara a auno hatsi. Babu mai hankalin da zai zargi wanda ya yi haka. Mu ma abin da za mu yi ke nan.

Maganarmu tana kan bayan kaka, lokacin da damma ke jibge a rumbu. A lokacin nan ma kaji ba su daina fita ba. Ranar kasuwa za ku ga ƴan kaji sun cika kwanduna, an ɗaure a bisan mota, sai Maraɗi, wasu har su ƙetare zuwa Najeriya. Mutanen birni su gasa su ci, Allah ya ba su lafiya. Kuɗin fa, ina suke tafiya? Kowa ya tambayi kansa tsakani da Allah. Wani kaso yana tafiya ga bukata ta gaske. Wani kuma yana ƙarewa a shayi da sukari da goro da katin waya.

A nan za mu faɗi wata magana da ba za ta yi wa wasu magidanta daɗi ba. Da yawanmu ba mu rabu da nama ba. Duk ranar kasuwa mukan tsaya wurin mai tukuba, mu ci tsire ko balangu a tsaye, mu goge baki da hannun riga, mu koma gida a kawo mana tuwo da miyar kuka mu ci tare da kowa. Kuɗin tsiren kasuwa 4 ko 5 in an tara su sun kusa sayen zakara. Hausawa sun ce gida bai ƙoshi ba ba a kai wa dawa.

Don haka ga shawararmu ga magidanta. Tun da yawanci kajin na mata ne, kada ka kama zakaran matarka da ikon mai gida. Ka saye shi daga hannunta a farashin kasuwa, ka biya ta lakadan. Asusunta bai ragu ba, kuɗi ba su bar gida ba, nama kuma ya shiga cikin ƴaƴanku. Wannan ciniki babu wanda ya faɗi a cikinsa.

Baƙo kuma yana nan da girmansa. Ba mu ce a daina yanka masa ba. Amma baƙon kirki ba zai ji daɗi ba in ya san yaran da suka kawo masa ruwan wanke hannu suna bayan zana suna jiran ƙashi.

Kada mu bar wa sanyi kajinmu

Akwai wani mai cin kajinmu da ya fi baƙo da kasuwa ci. Duk shekara, in hunturu ya shigo, ciwo yakan bi gari. Kaza ta yi tsuru, ta saki fuka-fuki, ta yi ta zawo kore-kore, numfashinta ya yi ƙara, wata wuyanta ya murɗe. Cikin mako ɗaya gidan da ke da kaji 20 ya koma da 2 ko 3. Likitocin dabbobi suna kiran cutar nan Niwkasal, da sunan wani gari na Ingila inda aka gane ta a shekarar 1926.

Ba ta da magani in ta kama. Ƙwayoyin da muke saye wurin ƴan tebur muna jiƙa wa kaji ɓarnar kuɗi ne, ba su taɓa irin wannan cuta. Amma tana da rigakafi, wani allura ne, wani ɗigo ne a ido, kuma kuɗinsa a kan kowace kaza bai kai kuɗin ƴan ƙwai kaɗan ba. A nemi ma'aikatan kiwo ko mataimakan likitan dabbobi da ke zaga ƙauyuka tun watan Oktoba, kafin sanyi ya sauka. A tambaye su ranar da za a maimaita, don ɗigon ido yana son a sake shi bayan wata 4. Kazar da aka sayo a kasuwa ko aka kawo kyauta a ware ta mako 2 kafin ta haɗu da na gida.

Ku lura da wani abu. Zakara ɗaya ya ishi kaji 10. Amma in kaza ta ƙyanƙyashe, kusan rabin ƴan tsakin zakaru ne. In sun kai wata 5 ko 6 sun gama girman da ake nema, abin da ya rage sai faɗa da cin tsaba. Waɗannan su ne na yanka. A yi wa matan rigakafi su ci gaba da ƙwai, a bar zakara ɗaya mai kyau, sauran a riƙa cin su ɗaya bayan ɗaya daga kaka zuwa sanyi. Ya fi a wayi gari a kwashe su a kwando a kai juji.

Yankan kaza mai ciwo kuwa mu bar shi. A watan Fabrairu na 2006 an tabbatar da murar tsuntsaye a Magariya, jim kaɗan bayan ta ɓulla a Najeriya. Alamunta sun yi kama da na Niwkasal, ido ba ya bambanta su. Ita kuwa tana iya kama mutum a wurin yanka da figa, kuma tana kisa. In kaji suna mutuwa da yawa lokaci ɗaya, a binne su a rami mai zurfi, a hana yara taɓa su, a sanar da ma'aikatan kiwo.

Yadda za a gasa kaza sukutum a gida

Wasu suna zaton gasasshiyar kaza sai a birni, wurin masu gashi na bakin hanya. Wanda ya saya a can ya biya kuɗin kaza, ya biya kuɗin icce da mai, ya biya ribar mai gashi. Sannan ya dawo babu romo, sau da yawa babu hanta babu ƙundu. A gida babu abin da ke ɓacewa sai gashin jiki da hanji.

A zaɓi zakara mai kuzari, idonsa garau, zankonsa ja, babu majina a hanci. A tsare shi tun dare, a ba shi ruwa kawai, don hanjinsa ya ragu. A yanka da safe. A tona ɗan rami jinin ya zuba a ciki, a rufe da ƙasa. A tsoma shi a ruwan zafi wanda bai kai ga tafasa ba, a fige, a ɗan babbaka. Wajen fid da kayan ciki a yi a hankali. In matsarmama ta fashe nama zai yi ɗaci. In hanji ya fashe ƙazanta ta taɓa nama. A ware hanta da zuciya da ƙundu da wuya da kai da ƙafafu a kwano dabam.

A nan ne ake yawan kuskure. Ɗanyen naman kaza, ko ta lafiyayya ce, yana ɗauke da ƙwayoyin cuta masu sa zawo da amai, waɗanda ido ba ya gani. Wuta tana kashe su. Amma hannun da ya taɓa ɗanyen nama, in ya koma ya dama hura, ya kai su inda wuta ba za ta bi ba. Don haka a wanke hannu da sabulu, a wanke wuƙa da faranti. Ruwan wankin naman a zuba shi a rami, nesa da randa, nesa da inda yaro ke rarrafe.

Kazar ƙauye ta sha yawo, namanta yana da tauri. In an ɗora ta ɗanya a kan wuta, baya yakan ƙone ciki bai nuna ba. Mu dabarar da muka fi so ita ce a fara tafasa ta. A sa ta sukutum a tukunya tare da wuya da kai da ƙafafu da ƙundu. A yanka albasa, a daka citta da tafarnuwa, a sa gishiri kaɗan. A zuba ruwa ya kusa rufe ta. A bar ta ta yi kamar minti 30 tana tafasa a hankali. Tsohuwar kaza tana son fiye da haka. Hanta da zuciya a jefa su daga baya, minti 10 sun ishe su.

Sai a tsamo ta. Kafin a sa yaji, a yanki rabon ƙaramin yaro daga ƙirji a ajiye tare da hanta. Sannan a tsaga ta ta baya, a buɗe ta, a danna ta kwanta shimfiɗe. A daka ƙuli-ƙuli da tonka da citta da gishiri, a kwaɓa da cokali 2 na man gujiya, a shafe ta ciki da waje.

Gashi da garwashi ake yi. Harshen wuta baƙi yake sa nama, ya bar shi da warin hayaƙi. Garwashin da ya rage bayan dahuwar rana ya isa, ba sai an ƙona sabon icce ba, kuma kowa ya san icce a ƙasar Dakwaro ba abin wasa ba ne. A ɗora ragar ƙarfe a kan duwatsu, tazarar tafin hannu daga garwashi. A fara da gefen ƙashi. A riƙa juyawa, ana shafa ɗan mai. Cikin minti 20 ko makamancin haka fatar za ta yi ja ta yi ƙamshi.

Wadda ba ta da raga, tukunyar ƙarfe mai kauri ta ishe ta. A jera tsabtatattun duwatsu ƙanana a gindin tukunya, a ɗora kazar a kansu don kada ta taɓa ƙarfe, a rufe. A sa garwashi a ƙasa, a zuba wani a kan marfi. Zafi zai zagaye ta kamar a tandun mai burodi.

Ko ta wace hanya aka bi, a gwada kafin a sauke. A soka wuƙa a gaɓar cinya, inda nama ya fi kauri. In ruwan da ya fito fari ne garau, ta nuna. In da ja-ja, ko akwai jini a jikin ƙashi, a mai da ita wuta.

Romon da ya rage a tukunya shi ne rabin ribar. Da shi za a kaɗa miyar dare, ta kuka ko ta busasshiyar kuɓewa, tare da wuya da kai da ƙafafu. A sa daddawar batso, wadda matanmu ke yi da ƴaƴan yakuwa. Miyar da ta sami romo da daddawa ba ta bukatar ɗunƙulen kanti, wanda mafi yawansa gishiri ne. Ga shi zakara ɗaya ya yi abincin rana ya yi na dare.

Tun da ba mu da na'urar sanyi, nama a cinye shi a yinin. Dafaffen abinci in ya wuce awa 2 a ajiye cuta ta fara yaɗuwa a cikinsa, balle da bazara. In miya ta rage da sanyi, a sake tafasa ta kafin a kwanta, a rufe, kada kowa ya sa hannu. Da safe a tafasa ta sosai kafin ɗumame. Ɗumi-ɗumi bai isa ba.

Rabo

Yanzu mun zo inda maganar take. Ƙundu mun bar wa mai gida, ba mu da faɗa da al'ada a nan. Amma hanta ta ƙaramin yaro ce, wanda ya wuce wata 6. Duk jikin kaza babu inda ya kai hanta amfani wajen ƙara jini da kare ido daga dundumi. A murje ta da cokali, a haɗa da kunu mai kauri ko tuwo mai laushi. Naman ƙirjin da aka ajiye masa a zazzare shi, a daka, a duba da kyau kada ƙashi ya shiga.

A ba shi a kwanonsa shi kaɗai, uwa ko yaya ta zauna kusa da shi har ya gama. In aka zuba a akushi ɗaya da yayyensa, kafin ya kai loma ɗaya baki sun share. Ba mugunta ba ce, hannunsu ya fi nasa sauri.

Cinya ɗaya ta mai ciki ce ko mai shayarwa. Mun san halin matanmu. Ita ta fige, ita ta dafa, ita ta raba, in aka zo kanta sai ta ce ta ƙoshi, ta lashi ludayi. Ana kiran wannan kunya da kawaici. Amma macen da ta shiga haihuwa da ƙarancin jini tana cikin haɗari, ita da abin da ke cikinta. Mai gida shi ya kamata ya ɗauki cinyar da hannunsa ya ce: wannan taki ce, ki ci a gabana.

Sauran kwanakin wata

Zakara na yini ɗaya ne. Wata kuwa kwana 30 ne. Me za a ci a sauran?

Da farko ƙwai. Tun muna yara muke jin cewa yaron da ya saba cin ƙwai zai zama ɓarawo. Babu inda addini ya faɗi haka, babu likitan da ya faɗi haka. Muna zaton kakanni sun ƙirƙiro zancen ne don yara su bar ƙwai a ƙyanƙyashe. Kazar gida takan yi ƙwai 10 zuwa 15 kafin ta kwanta, sau 3 ko makamancin haka a shekara. Ba ta iya rufe su duka da kyau. A bar mata 8 ko 10, sauran a dafa wa yaro. Da bazara kuwa, ƙwai da yawa lalacewa suke yi a ƙarƙashinta saboda zafi, gara a ci su tun suna sabbi. A gwada a ruwa: wanda ya nutse sabo ne, wanda ya taso a yar. A dafa har gwaiduwa ta daskare.

A shekarun 2018 da 2019 an yi wani gwaji a yankin Kaya na Burkina Faso. Shugabannin gari suka ba ƙananan yara kyautar kaji, aka ce na yaron ne shi da kansa, ƙwan ma nasa ne. Aka kuma riƙa koya wa uwaye amfanin ƙwai. Yaran da a da ba su ɗanɗana ƙwai suka koma cinsa kusan kullum. Wannan ba ya bukatar wani taimako daga waje. Kaka ko kawu na iya ba jariri kaza ranar suna, a ce wannan tasa ce, ƙwanta ba na sayarwa ba ne.

Ƙwan zabi kuma da damina yake yawa, daidai lokacin da rumbu ke ƙarewa, zazzaɓin sauro da tamowa suna kwantar da yara. Muna dafa shi muna ɗora wa ƴan mata a tire su kai tasha, matafiya su ci. In an tara 10, a cire 2 na gida tukuna.

Sai wake. Bayan Najeriya babu ƙasar da ta kai tamu noman wake a duniya, amma mukan sayar da shi da kaka a kan araha don tsoron ƙwari. Buhu mai ninki 3, wanda masu bincike na INRAN a Maraɗi suka taimaka aka yaɗa, yana tsare wake watanni ba tare da an zuba masa guba ba, in dai an ɗaure bakinsa sosai kuma babu huda. A ajiye buhu ɗaya na ci. Garin wake cokali ɗaya a cikin kunun yaro, da ɗan ƙullin gujiya, ya mai da kunun abinci. A jiƙa wake tun dare, zai nuna da wuri, a rage icce, a rage kanwa. Gujiyar da ta yi hunhuna kuwa a tsince ta a zubar, tana cutar da hanta, kada ma a ba kaji.

Ganye ma yana nan, zogale da yakuwa da tafasa da yaɗiya. A shanya shi a inuwa da kaka, don rana tana cinye amfaninsa. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da albasa abinci ne da ba ya jin kunyar shiga ko wane gida. Masu shan shayi kuma su ɗan jinkirta bayan cin abinci, musamman mata masu ciki, don shayi yana hana jiki ɗaukar abin da ke ƙara jini.

Dattawa sun ga abin da ya faru a watan Janairu na 1994, da aka karya darajar sefa, kayan kanti suka tashi cikin ƴan kwanaki. Matasa sun ga na 2023, da aka rufe iyakoki bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, shinkafa da mai suka yi tsada har aka ɗage takunkumin a Fabrairu na 2024. A duka lokutan biyu gidan da ya dogara da shinkafar waje da taliya da ɗunƙule ya fi jin jiki. Gidan da ke da wake a buhu da ganye a tulu da kaji a akurki ya sami abin ɗorawa a wuta.

Akurkin ma a gina shi. Ƙasa da kara sun isa. Yana tsare ƴan tsaki daga muzuru da sanyin dare, a kuma sa su ƙarƙashin kwando da rana saboda shirwa har su yi wata ɗaya. Yana kuma raba kaji da ɗakin da yara ke kwana, don kashin kaza in yaro mai rarrafe ya kai shi baki zawo yake kawowa. A share akurkin duk mako, a barbaɗa toka saboda ƙuma, kashin kuma a tara shi a kai gindin zogale.